Wa ke gadin ɗakin ibadar marasa rinjaye?

A lardin Balucistan na ƙasar Pakistan, cikin wani kwazazzabo kusa da kogin Hingol, akwai kogon dutse da mabiya addinin Hindu ke kira Hinglaj Mata. Babu birni kusa da shi. Ƙauyukan da ke kewaye na Musulmi ne, su ma kuwa sun laƙaba wa wurin suna, suna ce masa Nani, wato kaka. A da sai an yi makonni ana ratsa hamada daga Karaci, a ƙasa ko bisa raƙuma. Tun da aka buɗe hanyar gaɓar tekun Makran a 2004, tafiyar ta koma ta 'yan sa'o'i, kuma duk watan Afrilu dubban masu ziyara ke cika kwazazzabon. To, idan taro ya watse, wa ke saura? Maƙwabtan nan ne. Da sun nufi ɓarna, ba mai ganinsu balle ya hana, amma kogon na nan lafiya.

A ƙasar dai, a ƙauyen Teri na gundumar Karak, ranar 30 ga Disamba 2020 wasu malamai suka zuga jama'a aka cinna wa wani wurin ibadar Hindu wuta. Kotun Ƙoli ta sa aka sake gina shi, ta kuma ce masu laifin su biya. Kotu dai sai bayan wuta ta ci take zuwa.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu yarda da bautar gunki ba, kuma Musulmin yankin Hingol da ke neman tubarraki a kogon sun wuce gona da iri. Sai dai ƙin aƙida daban, ƙona ɗakin mutum daban; aya ta 108 ta Suratul An'am ma zagin abin bautar wasu ta hana, don kada su rama.

Mu mazauna zango, a Kumasi ko a Yawunde, mu ne marasa rinjaye. Da yawa daga masallatanmu na tsaye ne bisa filin da masu ƙasa suka bai wa kakanninmu, alhali su ba Musulmi ba ne. Shi ya sa ranmu ke ɓaci idan yaranmu suka yaɗa bidiyon ƙona irin waɗannan wurare a WhatsApp, har da kabbara. 'Ya'yan masu masaukinmu ma suna da waya, wasunsu kuwa Hausa suke ji sarai.