Waƙa Ba Yaji Ba Ce

Akwai wani yayi da ya kama manyan biranen Turai da Amurka cikin shekaru goma da ɗoriya da suka wuce, wanda masu shi ke kira mashayar saurare. Ɗaki ne madaidaici mai fitila dishi-dishi, an jera faya-fayan garmaho a bango tun daga ƙasa har rufi, an kafa lasifikokin katako masu tsayin mutum a kusurwa biyu. Ana sayar da giyar inabi kofi-kofi, da abinci a ƴan ƙananan farantai: zaitun ƙwaya shida, yankan cuku, kifin gwangwani a kan burodi. Abin da ake tallatawa shi ne wai an yi haɗi na gwaninta, wannan kwalbar ta dace da wannan farantin, su biyun kuma sun dace da faifan da ke juyawa. A Landan akwai Brilliant Corners da aka buɗe a 2013 da Spiritland a 2016, a Niyok akwai Public Records tun 2019, Paris kuwa yanzu ba a ƙirga su.

Ni a ganina wannan wulaƙanta waƙa ne da aka yi wa kwalliya da sunan girmama ta. Kuma ya shafe mu, domin da yawa daga cikin faya-fayan da ake barbaɗawa a kan abincin nan daga garuruwanmu aka kwashe su.

Ba zancen giyar zan yi ba. Hukuncinta sananne ne, ba ya jiran alƙalamina. Ba kuma zan yi ƙaryar cewa kiɗanmu bai taɓa shiga mashaya ba. Masu goge sun daɗe suna kwana a irin waɗannan wurare, Mamman Shata kansa ya yi wasa a otal-otal, ya kuma yi wa mashaya waƙa. Rigimata da kalmar nan ce ta "saurare" da aka liƙa a ƙofa.

Masu waɗannan wurare duk suna cewa daga Japan suka koyo, kuma gaskiya ne. Can ana kiran abin jazu kissa, wato shagon gahawa na kiɗan jaz. Chigusa na birnin Yokohama ya buɗe tun 1933. Bayan yaƙin duniya na biyu, musamman a shekarun 1960 da 1970, shagunan suka yawaita saboda dalili guda: faifan da aka shigo da shi daga Amurka yana cin kaso mai tsoka na albashin wata, na'urar saurarensa kuma ta fi ƙarfin ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. Sai mutum ɗaya ya zuba dukiyarsa ya tara faya-fayai, ya sayi lasifika mai kyau, ya buɗe ƙofa. Wanda ba shi da ko sisin sayen faifai ya biya kuɗin kofin gahawa ɗaya, ya zauna awa biyu ko uku yana jin John Coltrane da Thelonious Monk. Kujeru suna fuskantar lasifika kamar ɗalibai gaban malami. A shagon Eagle na Tokiyo, wanda ya buɗe a 1967, doka ce ba a hira sai bayan ƙarfe shida na yamma. Marubucin nan Haruki Murakami ma irin wannan shago ya riƙe daga 1974 kafin rubutu ya ɗauke shi. Wasu shagunan suna sayar da wiski da dare, ba a musu, amma kowa ya san abin da ya kawo shi. Ɗakin karatu ne na talaka, sai dai da kunne ake karatun.

Ɗayan kakan da suke jingina da shi shi ne David Mancuso, wanda ya fara tara mutane a gidansa na Niyok a 1970, taron da ake kira The Loft. Shi ne ya tsinci faifan Soul Makossa na Manu Dibango ɗan Kamaru a wani shago a Brooklyn, ya dinga sa shi har Amurka ta kama. Mancuso ba ya sayar da giya a taronsa, daga baya ma ya daina katse waƙa ya haɗa ta da wata. Yakan bar ta daga farkonta har ƙarshenta. Yau irin lasifikokin Klipschorn da ya yi amfani da su ake nema ruwa a jallo a girke a mashaya. An gaji lasifikar, an bar ladabin.

Na shiga ɗaya daga cikin wuraren nan a gabashin Paris tare da wasu abokan aiki. Na karɓi ruwan lemo, na zauna inda nake ganin mai sa faifai. Yaro ne mai natsuwa, ya san aikinsa: ya zaro faifai, ya goge shi da buroshi, ya sauke allura a hankali. Ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano ce. Sautin kuwa ban taɓa jin mai tsabtarsa ba, kana jin yatsan mai garaya ta Bature yana goga tsirkiya. Amma cikin mutum kusan arba'in da ke ɗakin, ban ga uku da suka ɗaga kai ba. Ana ta hira, ana ɗaukar hoton faranti, cokali na bugun tangaran. Da waƙar ta yi ƙarfi sai hira ta ƙara ƙarfi. Takardar abinci ta faɗi sunan ƙauyen da aka noma inabin, da sunan manomin, da shekarar da aka tsinke shi. Sunan mawaƙin ba ya ko'ina. Farantin da ke gabana, wanda ba zai ƙosar da yaron goye ba, yuro 12 ne, kusan jikka takwas na sefa.

Kada a ce laifin baƙin ne, wai ba su da tarbiyya. Lissafin wurin ne ya hana saurare. Gefe ɗaya na babban faifai yana ɗaukar kamar minti ashirin. Mutumin da ya yi shiru minti ashirin idonsa a rufe ba ya kiran mai hidima, ba ya ƙara kofi, ba ya neman faranti na huɗu. Mai shagon Tokiyo na dauri ya yarda da wannan asarar, shi ya sa galibinsu ba su yi arziki ba. Mai mashaya a unguwar da haya ke cin rai ba zai iya ba. Ribarsa tana cikin kwalba, kwalba kuma hira ce ke shanye ta. Ƙananan farantan su ma dabara ce ta wannan lissafi: ba ka ƙoshi balle ka tashi, ba ka daina saye balle ka natsu. Don haka dole waƙa ta sauka ta zama abin da ba ya hana ciniki, ta zama ƙamshin ɗaki kamar turaren wuta. Duk faifan da zai sa mutane su ajiye cokali matsala ne ga aljihun mai gida.

Faifan kansa ma ya fara zama kayan ado. A 2022 an sayar da faya-fayan garmaho kusan miliyan 41 a Amurka, karo na farko tun 1987 da suka zarce faifan CD yawa. Amma kamfanin ƙididdiga na Luminate ya gano cewa rabin masu sayen ne kawai ke da na'urar da za su sa shi a gida. Sauran jingina shi suke a bango.

Yanzu mu zo kan namu. Tun farkon shekarun 2000 wasu mutane suka dinga zagaya Kwatano da Lome da Ankara da Kumasi da Legas da Duwala, suna bin tsofaffin shaguna da ɗakunan ajiya suna sayen faya-fayan shekarun 1970 buhu-buhu. Daga wannan yawo kamfanoni irin su Soundway na Ingila da Analog Africa na Jamus suka fito. Dole a yi musu adalci. Samy Ben Redjeb na Analog Africa yakan nemo mawaƙan ko iyalansu, ya yi yarjejeniya da su, ya buga tarihinsu a cikin kwalin faifan. Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin Mamman Sani a Yamai, kiɗan da aka ɗauka a 1978 wanda duk ɗan Nijar ya saba ji tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba tare da ya san mai shi ba, ya buga shi a faifai a 2013, dattijon ya samu ya yi wasa a Turai. A shekarar nan dai ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Brian Shimkovitz ya sayi kaset ɗin Ata Kak a bakin titi a Cape Coast a 2002, ya shafe shekaru yana neman mutumin kafin ya sake buga shi a 2015. Waɗannan sun yi wahala, sun kuma biya. Ba da su nake ba.

Da mataki na gaba nake, inda wahalar nan ke ƙarewa a matsayin yaji. Tsohon faifai na asali idan ya sauya hannu a kasuwar Discogs, ko nawa aka saye shi, ko dala ba ta isa gidan mawaƙin. Mashaya a Faransa tana biyan SACEM kuɗin sa waƙa, haka ne, amma kuɗin yana bin wanda aka rubuta sunansa a rajista ne, aka kuma shaida cewa an sa waƙarsa. Makaɗin da ya shiga ɗakin ɗaukar sauti sau ɗaya a 1974, aka sallame shi da kuɗin mota, ba ya cikin wannan layi. Muryarsa tana taimakawa a sayar da kwalbar yuro 50, jikokinsa ba su ma san ana yi ba.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne maganar da ke cikin waƙar. Mu a wurinmu waƙa magana ce. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ba don daɗin sauti kawai ake jin sa ba. Yana yi wa karen mota da ɗan dako da matar da aka yi wa auren dole magana ne. Waƙar Fela ƙara ce da aka shigar a kan gwamnati, har sojoji suka ƙona gidansa a 1977 saboda ita. Wanda zai ce wannan faifan "ya dace da farar giya mai ɗan tsami" ya riga ya yanke hukunci cewa abin da mutumin ke faɗa ba shi da muhimmanci. Rashin jin yare ba laifi ba ne, ɗaliban Tokiyo ma ba duka ke jin Turanci ba. Amma su sun yi shiru, sun karanta bayan kwali, sun haddace sunan mai ganga da mai busa. Akwai bambanci tsakanin baƙon da bai ji yarenka ba ya tsaya yana kallon bakinka, da wanda ya juya maka baya yana tauna.

Wani zai ce ai mu ma ba ma yin shiru. Gaskiya ne, kuma ba shiru nake wa kirari ba. A dandalinmu ana guɗa, ana amshi, ana tashi a yi wa mawaƙi kari a goshi, a fadar samari a Damagaram ko Maraɗi ana mayar da kaset baya a yi gardama kan baiti ɗaya har shayi na uku ya huce. Hayaniya ce, amma duk fuskarta na kallon waƙar, kuɗin kuma yana faɗawa hannun mai ita. Na Japan sun girmama ta da shiru, mu da amsawa. Mashayar saurare ta ari kayan ɗakin na farko, ta ari hayaniyar na biyu, ta zubar da dalilin kowannensu.

Sai dai kafin mu cika baki, a tambaye mu yadda aka yi buhunan nan suka fita. Ba da bindiga aka ƙwace su ba. Da kaset ya shigo muka tura garmaho bayan ɗaki, da waya ta shigo muka zubar da kaset, rana ta lanƙwasa abin da gara ta rage. Wanda ya zo da kuɗi ya saya ya tarar da abin da muka riga muka yasar. A Gini Konakiri sai da wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, ya zo da tallafin British Library tsakanin 2008 da 2013 kafin aka kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga tsofaffin zarurrukan rediyon ƙasar da faya-fayan Syliphone. Daga baya aka ɗora su a intanet domin kowa ya ji.

Muryar Sahel da Rediyon Kaduna da gidajen rediyon Garwa da Tamale sun shafe shekaru suna ɗaukar makaɗan fada da na noma da na ƴan dambe da zabiyoyi. Irin aikin da aka yi a Konakiri ake bukata a kansu, kuma ma'aikatun al'adu ne ya kamata su biya, ba a jira wani baƙo ba. Bayan an kwafe, a samu ɗaki ɗaya a cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, ko a gidajen al'adu na jihohi, a sa lasifika mai kyau da tabarmi, a rubuta sunan mawaƙi da ƴan amshinsa da shekarar ɗauka a allo, a gayyato iyalansa su zauna a gaba. Mai shayi ya kafa teburinsa a waje, a sha kafin a shiga ko bayan an fito.