Sharaɗin Aiki Ga Ɗalibi A Ƙasar Turawa

Ga wata magana da ta kamata a sani tun ba a sayar da gona ko an taɓa uwar kuɗi ba.

Al'ada ce daɗaɗɗiya a ƙasar Hausa almajiri ya haɗa karatu da neman na kansa. Ya yi tilawa da asuba, da hantsi ya ɗauki allura ya yi ɗinkin hula, ko yankan farce, ko dako a kasuwa, ran Alhamis kuwa yini nasa ne. Ba wanda ya taɓa ƙidaya masa sa'o'in da ya yi yana nema, ba kuma wanda ya tambaye shi takarda. Saboda haka idan attajiri ya tashi aika ɗansa jami'a a Ingila, sau da yawa da wannan mudu yake awo: ya biya kuɗin jirgi da na zangon farko, ya ce saura yaro ya nema da guminsa. To, wannan lissafi ba ya fita a can, gama iznin zama da hukuma ke ba ɗalibi yana tafe da sharuɗɗa rubutattu, shi kuwa ya karɓa a kansu.

Sharaɗi na farko shi ne na sa'o'i. Mai karatun digiri an yarje masa aikin sa'a 20 a mako muddin makaranta tana ci, wanda karatunsa bai kai digiri ba sa'a 10. Sai lokacin hutu yake iya yin cikakken aiki. Makon nan kuwa daga Litinin ake fara ƙirga shi, kuma kowane mako da nasa lissafi. Wanda ya yi sa'a 25 a wannan mako, ya yi 15 a na gaba, bai rama kome ba, ya riga ya karya doka. Wurin aiki biyu ma haɗa su ake yi a ƙirga tare. Hatta tsaron kantin wani ɗan'uwa ba da lada ba, idan aiki ne tsayayye, yana shiga cikin lissafi.

Amma wanda ya fi shafar masu karatun wannan shafi shi ne na biyu, watau an hana ɗalibi sana'ar kansa da kasuwanci ɗungum. Yana iya zama yaron wani a ba shi lada, amma ba ya zama ubangidan kansa. Uba ya ɗaure shadda da huluna da turare ya aika wa ɗa, ya ce ya sayar wa 'yan'uwa a can ya rage kuɗin haya: a idon uba tarbiyya ce, irin wadda shi ma ubansa ya yi masa, a idon hukumar Ingila kuwa kasuwanci ne, ko da a ɗakin kwana ake yinsa ta wayar hannu. Haka ɗan malami da ya hardace Alƙur'ani, ya shiga bin gidaje yana karantar da yara ana biyansa hannu da hannu, shi ma sana'ar kansa yake yi. Haka mai kai wa mutane abinci bisa keke, idan kamfanin bai ɗauke shi ma'aikaci ba. Lalle akwai tsanani a cikin wannan, domin sayar da hula goma ba ya tauye arzikin kowane Bature. Sai dai tsananin sharaɗi ba ya warware shi bayan an karɓa, malamai kuwa sun fi kowa sanin matsayin sharaɗi a cikin alkawari.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Tun dokar shige da fice ta 2016, yin aikin da izni bai yarda ba ya zama laifi a kan shi ma'aikacin kansa, ana iya ɗaure shi, ana iya ƙwace abin da ya samu, a soke izninsa a sallame shi gida. Wanda ya ɗauke shi aiki shi ma bai tsira ba, don a watan Fabrairu na 2024 aka ɗaga tararsa zuwa fam 45,000 a kan kowane mutum guda a karon farko, fam 60,000 in ya sake. Shi ya sa masu ɗaukar aiki na gaskiya sukan nemi takardar ranakun makaranta kafin su ba ɗalibi tsintsiya. Wanda bai tambaya ba, a yi hattara da shi.

Sauran ƙasashe kowace da nata mudu. Amurka ta fi ƙunci, sa'a 20 ne, a cikin harabar makaranta kaɗai, fita waje sai da izni na musamman, galibi bayan an cika shekara guda ana karatu. Kanada ta yanke sa'a 24 a mako a watan Nuwamba na 2024. Jamus da kwana take ƙirga, ta mai da shi kwana 140 a shekara a watan Maris na 2024, Faransa kuwa sa'a 964 a shekara. Babu ɗaya a cikinsu da ta sakar wa ɗalibi linzami.

Ga lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya yi a kan tabarmarsa. A watan Afrilu na 2025 aka sa mafi ƙarancin lada a Ingila fam 12.21 a sa'a ga wanda ya kai shekara 21. Sa'a 20 ke nan fam 244 da 'yan kai a mako, bai kai fam 1,100 a wata ba. Alhali kuwa ita hukumar da kanta, a watan Janairu na wannan shekarar ta 2025, ta ƙiyasta ci da sha da makwancin ɗalibi fam 1,136 a wata a wajen Landan, fam 1,483 a cikinta, daga baya ma ta ƙara. Ashe ladan da doka ta yarda da shi bai cika guzuri ba, balle kuɗin makaranta, wanda shi ne babban kaya. Hukuma ba ta ɓoye wannan ba, don tun kafin ta ba da biza take neman shaidar kuɗin makaranta da na guzurin da ya kai na wata 9. Mai aron kuɗi ya zuba a banki don a gani, ya kwashe bayan an buga hatimi, ɗansa ya yaudara.

An riga an ga gemun da ya kama wuta. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, abin da iyaye suka tanada ya narke a hannunsu. A watan Mayu na 2024 labari ya bazu cewa waɗansu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside, a garin Middlesbrough, sun kasa biya a kan lokaci, aka cire su daga karatu, aka sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ba su iya ƙara sa'o'in aiki su cike giɓin ba, doka ta ɗaure musu hannu. Wanda makaranta ta janye masa tsayawa, bisa al'ada kwana 60 ake ba shi ya sami wata ko ya bar ƙasar, sau da yawa kuwa bayan ya riga ya biya rabin kuɗi.