Gaɓar alli da gaɓar baki

A azuzuwan farko na makarantun Nijar, malami yakan rubuta *table* a allo, ya ja layi a tsakiya: *ta-ble*, yara su tafa hannu sau biyu. Bafaranshe kuwa a gaɓa ɗaya yake furta kalmar, domin *e* ɗin ƙarshe a rubuce kawai take. Haka *samedi*: gaɓa uku a takarda, biyu a baki. Wannan rabon da ake koya wa yara ƙa'idar rubutu ce, ta yanke kalma a ƙarshen layi, amma sai ake ba da ita a matsayin darasin furuci. Nan gizo ke saƙar.

Ɓarnar ta fi fitowa a tagwayen baƙaƙe. Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin *baba* da *babba*. Kunnensa ya saba da cewa baƙi biyu nauyi ne da ake ji. To, idan aka raba masa *al-lu-mette* ko *ap-pe-ler*, me zai hana ya danne *l* da *p* kamar yadda harshensa ya hore shi? A Faransanci sau ɗaya ake furta su. Yaron ya bi abin da aka nuna masa, sannan a ci masa gyara.

Gaɓar Hausa siga uku gare ta: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta farawa da baƙi biyu a jere. Shi ya sa *France*, mai gaɓa ɗaya, ta zama Fa-ran-sa. Ɗalibin da ya cusa wasali cikin *craie* yana bin dokar harshensa ne, kuma malamin da ya san dokar zai san inda zai sa hannu.

Ga kuma yadda Faransanci ke ɗinke kalmomi: *les amis* ana jin ta *le-za-mi*. Kakanninmu da suka ari *l'école* suka ce lakwal, da kunne suka ɗauke ta, har da *l* ɗin da ke gabanta.

Ya kamata makarantun horar da malamai su raba darussan biyu. A fara da tafi bisa abin da kunne ya ji, littafi a rufe. Rabon rubutu ya biyo baya, a kuma faɗa wa yaro cewa na alƙalami ne. Sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu ne suka fi cancanta su tsara wa malaman firamare jerin kalmomin da rabon biyu ya saɓa a cikinsu.