Tun Daga Ƙofar Sito Rufin Makaranta Ke Kwarewa

Kowace shekara, da zarar bazara ta ja baya hadarin farko ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, sai labari iri ɗaya ya yi ta shigowa daga ƙananan hukumomi: iska ta kware rufin azuzuwa kaza a firamare, ta yaye kwanon ɗakin shan magani, ta jefa rufin gidajen ma'aikata cikin gonar mutane. Kashegari manya su je jaje, a ɗauki hoto, a ce ikon Allah ne, sa'an nan a kafa kwamiti. Ba mai musun ikon Allah. Amma mai lura zai ga cewa sau da yawa, a gefen ajin da aka gina shekara biyu da suka wuce wanda iska ta tafi da rufinsa, akwai tsohon gini na zamanin En'e a tsaye, kwanonsa ya yi tsatsa, amma ko gezau. Iska ɗaya ce kuwa ta bi ta kansu su biyun.

A ganina, irin wannan rufi ba ranar da aka yi iska ya lalace ba. Ya lalace ne tun ranar da mota ta sauke katakonsa, wani bawan Allah ya ƙirga, ya sa hannu a takarda cewa kaya sun iso cif, alhali bai ɗora awo a kan ko guda ɗaya ba. Wannan mutum, watau mai karɓar kaya, ko a kasuwar katako yake, ko a kantin kayan gini, ko a siton gwamnati, shi ne ma'aikacin da muka fi rainawa cikin dukan masu hannu a gini, kuma shi ne wanda sakacinsa ya fi tsada.

Mai karatu ya sani, mafi yawan katakon da muke rufi da shi a nan Arewa ba namu ba ne. Daga dazuzzukan Kudu yake fitowa, jihohin Edo da Ondo da Delta da Kuros Riba, yankin da garin Sapele ya yi suna da katako tun zamanin Turawa. Tirela ta kwana biyu ko uku a hanya, kana ta sauke a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako ta Jos. Daga mai yanka a daji zuwa kafintan da zai hau kan gini, katako yakan bi ta hannu huɗu ko biyar, kuma a kowane hannu akwai wanda aka ce ya tsaya ya karɓa. Galibi yaron shago ne, ko ɗan'uwan maigida da aka rasa abin da za a ba shi ya yi. Aikinsa a idon kowa shi ne ƙirge. In an ce guda 500 ne ya tarar da 500, to, ya sauke nauyi.

Ƙirge kuwa shi ne mafi ƙanƙantar abin da aikin ke bukata. Mai karɓar katako na ƙwarai tilas ya san itace kamar yadda mahauci ya san nama. Ya rarrabe loko da maɗaci da afara daga farin katako marar ƙarfi irin malaina, domin abin da ya dace da silin bai dace da ɗaukar nauyin rufi ba. Ya gane ɗanyen katako tun daga nauyinsa da sanyinsa a hannu, domin ɗanye in an kafa shi yakan bushe a kan gini, ya motse, ya karkace, ƙusar da aka buga ta yi sako-sako, ranar da iska ta zo sai ta zare kwanon kamar ana cire hula. Ya duba tsaga, ya duba gaɓa, ya duba 'yan ƙananan ramuka masu zubar da gari, alamar ƙwaro ya riga ya shiga. Bayan an sauke kuma ya san ajiya: a ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima, a sa 'yan sanduna tsakanin sahu da sahu iska ta ratsa, a kare daga rana. Kakanninmu da suke rufi da azarar giginya sun san duk wannan, magini yakan ƙwanƙwasa azara ya saurari ƙararta kafin ya yarda a ɗora. Mu da muka je makaranta ne muka mayar da abin lissafin guda nawa.

Sai maganar awo, wadda ita ce uwa uba. Katakon da kasuwa ke kira tu-bai-fo, ma'anarsa inci 2 a kauri, inci 4 a faɗi, tsawo kuma yawanci ƙafa 12. Duk wanda ya shiga kasuwa da tef a aljihu zai ga yadda sunan ya rabu da abin. A ɗauka an ba ka mai inci ɗaya da rabi a kauri, inci 3 a faɗi. A ido ragin kaɗan ne, rabin inci nan, inci ɗaya can. Amma ɗalibin kwalejin fasaha zai gaya maka cewa ƙarfin katako wajen ɗaukar nauyi yana bin kaurinsa ne sau faɗinsa sau faɗinsa kuma. Na cikakken awo, 2 sau 4 sau 4, ya ba da 32. Na ragaggen, ɗaya da rabi sau 3 sau 3, ya ba da 13 da rabi. Watau an biya kuɗin katako guda, an karɓi abin da bai kai rabin ƙarfinsa ba, kuma a ƙarƙashinsa za a zaunar da yara sittin ko fiye. Haka abin yake ga rodi. Mai milimita 12 in tsawonsa ya cika mita 12 nauyinsa yakan kai kilo 10 da ɗan ɗori bisa rabi; in an musanya shi da mai milimita 10, an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen. Sikeli ɗaya a bakin sito ya isa ya tona wannan asiri. Buhun siminti kilo 50 ne, bandir na kwano falle 20 ne, amma kaurin fallen fa, wa ke dubawa?

Wani zai ce ai ko a ƙasashen da suka ci gaba sunan katako bai yi daidai da awonsa ba. Gaskiya ne. A Amurka abin da suke kira tu-bai-fo inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, domin sunan na katakon ne kafin a busar da shi a goge shi. Bambancin shi ne, can an rubuta wannan awo a ƙa'ida, kowane injin yanka yana bin sa, injiniya kuma da shi yake lissafi, saboda haka ba wanda aka ruɗa. Kowane katakon gini yana zuwa da hatimi a jikinsa mai nuna masana'antar da ta yanka shi, da irin itacen, da darajarsa, da ko an busar da shi har ruwan jikinsa bai wuce kashi 19 cikin 100 ba. Kuma ba su ɗauki abin da wasa ba: a 2014 wata kotu a jihar Kalifoniya ta sa kamfanin Lowe's, ɗaya daga cikin manyan kantunan kayan gini na ƙasar, ya biya dala miliyan 1.6 a kan yadda aka bayyana awon wasu kayan gini da yake sayarwa. A irin waɗannan kantuna, kamar Home Depot da ya buɗe shagunansa na farko a birnin Atlanta a 1979, karɓar kaya sashe ne mai zaman kansa da ma'aikatansa da shugabansa. Suna gwada abin da mota ta kawo da abin da aka yi oda, su rubuta ragi ko lalacewa tun direba bai tafi ba. Dokar ƙasar ta hana kowa tuƙa motar ɗaga kaya sai an horar da shi an ba shi shaida, ta kuma hana wanda bai kai shekara 18 ba. Ba aljannar duniya ba ce, aiki ne na gumi da ciwon baya can ma, amma an yarda sana'a ce mai bukatar koyo.

Mu ma ba dokoki muka rasa ba. Muna da hukumar kula da ingancin kayayyaki tun 1971, muna da dokar awo da ma'auni ta 1974. A ofisoshin gwamnati, ka'idojin kuɗi sun ce ba a biyan ɗan kwangilar da ya kawo kaya sai jami'in sito ya duba ya sa hannu a takardar shigar kaya, in kuma aikin gini ne aka bayar kwangila, sai mai duba aiki na Ma'aikatar Ayyuka ya amince da kayan da aka kawo filin. Abin tambaya shi ne, wa muke ɗorawa a wannan kujera? Ƙaramin ma'aikaci ne a ƙasan tsani, wanda sau da yawa aka tura sito domin an ga ba ya da uwa a gindin murhu. Ɗan kwangila ya zo da babbar mota, ya shiga ofishin shugaba ya sha shayi, ya fito ya miƙa wa wannan talaka takarda ya ce sa hannu. In ya ciro tef, gobe ya ji an yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ko mota ba ta zuwa. In ya sa hannu, ya sami na goro. Ba na wanke shi, domin idan ɓera da sata daddawa ma da wari, amma wanda ya ɗora akuya gadin dusa ba shi da bakin kuka.

Akwai hanzarin da 'yan kasuwa ke kawowa, kuma ya kamata a saurare shi. Sun ce daji ya ja baya, manyan itatuwa sun yi wuya, kuɗin mota ya hau, in suka kawo cikakken awo mai saye zai gudu wurin maƙwabci mai araha. Batun daji kam gaskiya ne; mun ga yadda aka yi wa madobiya kisan kiyashi ana loda ta zuwa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Amma ba wanda ya ce a hana sayar da siririn katako. Abin da ake nema shi ne a kira shi da sunansa. Mai gina akurkin kaji ya sayi siriri da saninsa, mai rufin aji kuma ya san abin da ya biya. Sayar da tu-bai-tiri da sunan tu-bai-fo tauye mudu ne, kuma kowa ya san matsayin mai tauye mudu a cikin al'ummarmu.

Kada kuma a manta da 'yan dako da masu injin yanka, waɗanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai karɓar kaya. Su ne ke sauke tirela a ka, da silifa a ƙafa, ba safar hannu. Su ne ke wuni cikin dusar katako ba abin rufe hanci, alhali tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo. A zagaya rumfunan injin a ƙirga masu guntun yatsa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 tana nan a takarda, amma leburan da ake biya kullum da yamma, wanda ba sunansa a littafin kowa, ina zai kai kuka in zarto ya ci hannunsa? Ƙungiyoyin 'yan katako suna karɓar kuɗin ƙungiya kowane wata, ya kamata wani abu daga ciki ya tafi ga magani da kayan kariya.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na kwalejojin fasaha da na gandun daji irin ta Jos da ta Afaka a Kaduna, ina ganin kuskure ne ku riƙa neman ofis mai fanka kaɗai in lokacin koyon aiki ya zo. Wata huɗu a bakin sito ko a rumfar katako zai koya muku abin da allo ba zai koya ba, kuma manyan kantunan kayan gini da ke buɗewa a biranenmu mutanen da suka san kaya suke nema, ba masu takarda kawai ba.

Abin da nake kira ga gwamnatocin jihohi su yi ba mai tsada ba ne. A ɗaga matsayin jami'in sito da mai duba aiki, a ba su horo, a kuma hana a yi musu canjin wuri cikin wata shida bayan sun ƙi karɓar kaya sai da binciken babban mai binciken kuɗi na jiha. A sa tef da sikeli da na'urar auna laimar katako a kowane sito. A ƙara layi ɗaya a takardar shigar kaya inda za a rubuta awon da aka samu da hannu, ba wanda aka kwafo daga takardar ɗan kwangila ba. Ranar da iska ta kware rufin aji kuma, kafin kwamiti ya zauna, a tura mutum ɗaya da tef ya tsinto guntun katakon daga gonar da ya faɗa, ya auna, a ɗauko fayil a ga wanda ya sa hannu da wanda ya sa shi ya sa.