Sunan "Admin" Ba Lasisi Ba Ne

Wata magana ta zauna daram a bakin masu haɗa wa ofisoshi kwamfuta da masu kula da su: wai mai kula da sabar ba ya buƙatar lasisi, ko su nawa ne, ko me suka shiga yi. In ka ja da mutum sai ya juyo maka allo ya ce, "To ga shi yana aiki, me kuma kake nema?" Maganar nan ba gaskiya ba ce. Kuma abin da ya fi damuna da ita ba kuɗin da Microsoft ke rasawa ba ne, don Microsoft ba ta kwana da yunwa saboda wani ofishi a Kano ko Maradi. Abin damuwar shi ne ɓarnar da take jawo wa mai ofishin da ya yarda da ita.

Gaskiyar da ke cikin maganar 'yar kaɗan ce. Windows Server yana barin mutum biyu su shiga daga nesa a lokaci guda ba tare da an sayi lasisin Remote Desktop Services ba. Abin ya daɗe. A 1998 Microsoft ta fitar da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition, da fasahar da ta karɓo daga Citrix, don mutane da yawa su yi aiki a kan sabar ɗaya. Windows 2000 ya raba hanya biyu, ta masu kula da ta masu amfani. A Windows Server 2003 akwai shiga biyu da kuma allon sabar kanta, shi ya sa tsofaffin hannu har yau suke rantsuwa cewa uku ne. Daga 2008 ya koma biyu gaba ɗaya, sannan a 2008 R2 aka canza sunan Terminal Services zuwa Remote Desktop Services. Duk wannan sauyin bai taɓa sharaɗin asali ba: shiga biyun nan na kula da sabar ne kawai.

Ashe rangwamen yana da ƙafa biyu, adadi da irin aikin, kuma babu ɗayansu da ya dogara da sunan da aka liƙa wa mutum. Akantan da ya shiga ya buɗe Sage ko QuickBooks yana lissafin albashi ba kula da sabar yake yi ba, ko da shi kaɗai ne a ciki, ko da an rubuta masa "admin" a gaban suna. Mai kula na uku kuwa, ko shi ne shugaban sashen, in ya zo shiga Windows zai nuna masa waɗanda ke ciki ya tambaye shi wa zai fitar. In ana son uku ko biyar su zauna tare, sai an ɗora wa sabar aikin Session Host, an kafa mata sabar lasisi, an sayi RDS CAL, wato lasisin shiga Remote Desktop Services. Daga nan duk wanda ya shigo ta ƙofar gama-gari sai da lasisinsa, mai kula ne ko magatakarda. Wannan kuma ƙari ne a kan CAL na Windows Server kansa, ba madadinsa ba.

Hujjar "ai yana aiki" ita ce mafi rauni, ita ce kuma mafi farin jini. Yana aiki ne saboda Microsoft ta ba da kwana 120 na sassauci bayan an kunna Session Host, kafin ta fara neman lasisi. Yana aiki ne saboda lasisin da ake ƙirgawa da kan mutum, ba kamar wanda ake ƙirgawa da na'ura ba, sabar ba ta tsayawa ta hana shiga in an zarce adadin da aka saya. An bar wa mai kula amanar ƙirgawa. Wasu kuma in kwanakin sun kusa ƙarewa sai su shiga rajistar Windows su goge inda ake ƙirga su, agogo ya koma farko. Wasu su ɗauki Windows 10 ko 11, wanda aka yi don mutum ɗaya a lokaci guda, su sa masa RDP Wrapper ko su taɓa fayil ɗin termsrv.dll, sai ga mutum takwas a kan kwamfutar tebur. Duk suna aiki. Amma ɗan dako da aka bar wa sito a buɗe bai zama mai hatsin ba don ba a sa kwaɗo ba.

A nan ne nake ganin masu wannan ra'ayi ba su ma fahimci abin da suke sayarwa ba. Wanda ya yarda cewa suna ne ke kawo rangwame, abin da zai yi a fili yake: zai raba wa kowa sunan. Sai a zuba akanta da mai karɓar kuɗi da yarinyar da ke shigar da bayanai cikin rukunin masu cikakken iko. Mafi muni, sai a ba su asusun Administrator guda ɗaya da kalmar sirri guda, a rubuta a takarda a manna gefen allo. Daga ranar babu mai iya cewa wane ne ya goge wane fayil, wane ne ya canza wane adadi a littafin kuɗi, don kowa sunansa ɗaya a kundin sabar. In ɗayansu ya buɗe wasiƙar da ke ɗauke da manhajar masu garkuwa da bayanai, da cikakken iko za ta tashi, ta kulle bayanan kamfani, ta bi ta kan ajiyar da aka jona a jikin sabar.

Wanda ya taɓa termsrv.dll kuma ya ɗaura wa kansa wani dutsen. Sau da yawa in Microsoft ta aiko da gyara, dabarar tasa takan lalace, ma'aikata su wayi gari ba shiga. To me zai yi? Sai ya kashe sabuntawa ɗungurungum. Ga sabar da ba ta karɓar gyara, ga ƙofar 3389, ta shiga daga nesa, a buɗe ga intanet don maigida ya riƙa duba ciniki daga gida. A watan Mayu na 2019 aka bayyana ramin da ake kira BlueKeep a cikin wannan manhaja ta shiga daga nesa, ramin da ke ba ɓarawo damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. Girman haɗarin ya sa Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da Server 2003 da ta riga ta daina kula da su. Wanda ya kashe sabuntawa don kare dabararsa, irin wannan gyaran ne yake rufe wa ƙofa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ban ce Microsoft ta kyauta ba. Tun 2016 ana sayar da sabar ne bisa yawan ƙwayoyin injinta, mafi ƙanƙanta 16 ko da naka bai kai haka ba. Ka biya wannan, ka biya CAL, ka biya RDS CAL, in za a buɗe Office a ciki shi ma da nasa sharaɗin. Lasisin 2019 zai buɗe maka sabar 2016 amma ba zai buɗe ta 2022 ba, in ka sabunta sai sabon saye. Kuma duka da dala ake auna farashin, wanda ke nufin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ƙaramin kamfani a Najeriya ya ga kuɗin ya yi tsalle ba tare da ya ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. Iyakar mutum biyun ma ba gazawar inji ba ce, shawarar kasuwa ce. Shaida kuwa ita ce akwai Windows 11 mai ɗaukar mutane da yawa, amma Microsoft ta tsare shi a Azure Virtual Desktop, inda take karɓar haya. Duk wanda ya ce tsarin nan an yi shi ne don ruɗa mai saye, ba zan yi masa musu ba.

Sai dai tsada dalilin barin kaya ce, ba dalilin ɗauka ba. Wanda ya ga ba zai iya ba, Linux na nan da xrdp, manhajarsa ta shiga daga nesa, ba mai tambayarsa lasisin kai. Masu kula da sabar kuwa, waɗanda da sunansu ake wannan rigima, yawancinsu ba su da buƙatar ganin fuskar Windows ɗin ma. PowerShell yana aiki daga nesa. Kayan RSAT suna zama a kwamfutar mai kula, ya sarrafa asusun ma'aikata daga kujerarsa. Windows Admin Center ya fito tun 2018 ba a biyan ƙarin kuɗi a kansa, OpenSSH kuma ya shigo cikin Server 2019. Ba ɗayansu da ke cin ko ɗaya daga shiga biyun nan, ba kuma wanda ke neman RDS CAL. In ka ga masu kula shida suna layi a kan allo biyu, sabo ne ya ɗaure su, ba lasisi ba.

Inda kuma da gaske ma'aikata ne za su yi aiki a kan sabar, lissafin ba shi da wuya kamar yadda ake tsoratarwa. Asibiti ko kantin magani da mutum talatin ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta goma, lasisin na'ura ya fi masa sauƙi. Kamfanin da ma'aikaci ɗaya ke shiga ta ofis da gida da waya, na mutum ya fi. Sabar da ba a haɗa ta da Active Directory ba, na na'ura kaɗai aka yarje mata.

Wanda ake cuta a duk wannan shi ne mai ofishin, don shi bai san akwai agogo ba. Ɗan kwangila ya kawo masa farashi mai daɗi saboda ya cire lasisi daga lissafi, ya haɗa, ya nuna komai na tafiya, ya karɓi cikon kuɗinsa. Wata huɗu ke nan cif kafin ma'aikata su tarar da saƙon cewa babu sabar lasisi, kuma a lokacin lambar ɗan kwangilar ba ta shiga. Saboda haka kafin mai ofishin ya sa hannu a takardar biya, ya sa a buɗe masa RD Licensing Manager a gabansa, ya ga adadin lasisin da shekararsu, ya karɓi takardar saye da sunan kamfaninsa a kai, sannan ya nemi a nuna masa sunayen duk waɗanda ke cikin rukunin Administrators. In ya ga sunan mai karɓar kuɗi a ciki, ya riƙe cikon.