Ɗan Gidan Abincin Unguwa: Jakadan Tailan Mara Albashi

Duk ma'aikacin gwamnati ko ɗalibin da aka taɓa turawa kwas ko ƙaro ilmi a Landan, ko Washington, ko Sidni, da wuya a ce bai taɓa gilmawa ta ƙofar wani ɗan gidan abinci na mutanen ƙasar Tailan ba a unguwar da ya sauka. Galibi shago ne guda, teburansa ba su wuce 10 ko 12 ba. A bango akwai hoton Sarkin ƙasarsu, uwargida tana wajen karɓar kuɗi, 'ya'ya ko ƙanne suna kai abinci, ƙanshin tafarnuwa da barkono kuwa yana fitowa daga madafa har bakin titi. Irin wannan wuri ba ya shiga labaran rediyo, amma ba shakka ya sa duniya ta san Tailan fiye da yadda ofisoshin jakadancinta suka yi. Gwamnatin ƙasar ta taimaka ƙwarai wajen yawaita waɗannan gidaje. Sai dai abin da ke riƙe da su shi ne hannun mai girki da kuma amincin mai saye, kuma duka biyun suna cikin matsi a halin yanzu.

Kafin a shiga wannan magana, ya kamata a san yadda ake cin abinci a irin wannan gida. A harshen Tailan, in mutum zai ce "cin abinci" sai ya ce "kin khao", watau cin shinkafa, domin shinkafa ce uwar tebur, sauran duk mahaɗi ne. Ba a kawo abinci bi da bi kamar yadda Turawa suke yi. Akan jera kwanonin miya da na suya da na ganye a tsakiya gaba ɗaya, kowa da farantin shinkafarsa, yana ɗiban kaɗan daga nan, kaɗan daga can. Da cokali ake kai loma, cokali mai yatsu kuwa aikinsa tura abinci cikin cokalin. Tsinkayen nan biyu da aka san Sinawa da su, sai in taliya za a ci ake ɗauko su. Saboda haka wanda ya je shi kaɗai ya sayi kwano guda bai ga komai ba tukuna. Abincin na taro ne, an gina shi bisa mutum 3 ko 4 da za su zauna su yi hira.

Gwanintar mai girki kuwa ana gane ta ne wajen daidaita ɗanɗano huɗu a cikin tukunya guda: tsami, da gishiri, da zaƙi, da yaji. Tsamin daga lemun tsami ne ko tsamiya. Zaƙin daga wata irin mazarƙwaila ce da ake yi da ruwan furen kwakwa ko na wani ɗan'uwan giginya. Gishirin kuwa yawanci daga ruwan ƙananan kifaye ne da aka tsima da gishiri wata da watanni, wanda suke kira "nam pla", kuma matsayinsa a girkinsu kamar matsayin daddawa ne a miyar kuka: warinsa shi kaɗai ba daɗi, amma miya ba ta tashi sai da shi. Da waɗannan ake haɗa "tom yum", romon jatan lande mai tsami da yaji wanda ake sa wa ciyawar nan mai ƙanshin lemo da wata saiwa 'yar'uwar citta. Da su ake kirɓa "som tam", watau kwaɗon ɗanyar gwanda da ake dakawa a turmi. Da su kuma ake soya "pad thai", taliyar shinkafa da ƙwai da dakakkiyar gyaɗa, wadda ta fi kowane abincinsu suna a ƙasashen waje.

Wannan abinci bai faɗo daga sama ba, kuma ba duka ne ya samo asali daga Tailan ba. Barkonon da aka san su da shi, daga nahiyar Amurka ya fito, fataken Fotugal ne suka kai shi Asiya. Taliya da suya a kasko mai zurfi bisa wuta mai ƙarfi, daga baƙin Sinawa aka koya. Miyar "massaman" mai dankali da gyaɗa da kirfa ta biyo sawun fatake Musulmi ne. Ita kanta "pad thai" sai a zamanin Firayim Minista Plaek Phibunsongkhram ta yi ƙarfi. Shi ne ya sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, kuma gwamnatinsa ce ta riƙa kwaɗaitar da jama'a cin taliya a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci. Ke nan tun da daɗewa hukumomin ƙasar suka fahimci cewa tukunya ma tana da nata aikin a sha'anin mulki.

Fitar abincin zuwa ƙetare kuwa talakawa ne suka fara ta. A lokacin yaƙin Biyetnam, Amurka ta kafa sansanonin sojan sama a Tailan, a wurare kamar Udon Thani da Korat. Dubban sojoji suka saba da abincin ƙasar, wasu suka koma gida da matan da suka aura. A 1965 kuma Amurka ta sassauta dokar shiga ƙasarta ga mutanen Asiya, ɗalibai da ma'aikata suka yi ta zuwa. Da yawansu suka tarar girki ne sana'ar da za su iya kafawa da ɗan jari da taimakon dangi. Haka aka yi ta buɗe shaguna ɗaya bayan ɗaya, har a 1999 majalisar birnin Los Angeles ta amince da wata unguwa a matsayin unguwar mutanen Tailan.

A 2002 ne gwamnatin Firayim Minista Thaksin Shinawatra ta shigo da ƙarfinta, ta ƙaddamar da shirin da ta kira Global Thai. A lokacin, gidajen abincin Tailan da ke ƙasashen waje sun kai kimanin 5,500, burin shirin kuwa shi ne su kai 8,000. Aka horar da masu girki, aka buɗe hanyar rance ga masu son kafa gida a waje, Ma'aikatar Ciniki kuma ta riƙa ba da lambar shaida mai suna Thai Select ga gidajen da ta yarda da ingancinsu. Lissafin a fili yake. Kowane gida da aka buɗe zai riƙa sayen shinkafa mai ƙanshi, da ruwan kifi, da madarar kwakwa daga Tailan, wanda ya ci ya ji daɗi kuma wata rana zai so ya ga ƙasar da idonsa. Zuwa wajejen 2018 an ƙiyasta gidajen sun haura 15,000. Baƙi masu yawon buɗe ido da suka shiga ƙasar sun tashi daga kimanin miliyan 10 a 2001 zuwa kusan miliyan 40 a 2019, ko da yake ba abinci kaɗai ne ya jawo su ba. Mutanen Nijeriya sun san wani ɓangare na wannan ciniki, domin shinkafa 'yar Tailan ta daɗe tana cika kasuwannin Kano da Legas, kuma Tailan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa shekaru da yawa kafin Indiya ta sha gabanta a 2012.

Lalle gwamnatin ta cancanci yabo, domin ta gane dukiyar da ke hannun talakawanta, ta kuma sa mata kuɗi. Amma ya kamata a lura da inda ta ci nasara da inda ta gaza. Ta ci nasara a duk inda ta tsaya a bayan mai girki, ta ba shi rance da horo da kayan aiki. Ta gaza a inda ta nemi ta karɓe ludayin daga hannunsa. An taɓa shawarar kafa jerin gidajen abinci iri ɗaya a ƙarƙashin kamfani guda, irin na McDonald's, amma maganar ba ta kai ko'ina ba. A 2014 kuma wata hukumar gwamnati ta nuna wa duniya wata na'ura da aka ce za ta ɗanɗana miya ta auna ko ta Tailan ce ta gaskiya. Jaridun duniya sun sami abin raha, masu girki kuwa suka ci gaba da ɗanɗanawa da harshensu kamar yadda iyayensu suka yi. Shekaru 3 bayan haka, a ƙarshen 2017, da littafin Michelin mai auna darajar gidajen abinci ya fara fitar da kundinsa na birnin Bankok, ɗaya daga cikin waɗanda suka sami tauraro ita ce Jay Fai, wata dattijuwa mai ɗan shago a bakin titi, wadda ke soya wainar ƙwai da naman ƙaguwa da hannunta a kan gawayi. Ko a watan Disamba na 2024, da hukumar UNESCO ta sa "tom yum" na jatan lande cikin jerin al'adun gargajiya na duniya, abin da ta girmama shi ne sanin da ke hannun jama'a, wanda uwa ke koya wa 'ya.

To, matsi na farko da ke kan ɗan gidan unguwa shi ne kamanceceniya. Mutum zai shiga gida 5 a birane 5 ya tarar da takardar jerin abinci kusan iri ɗaya: "pad thai", da koriyar miya, da jar miya, da soyayyiyar shinkafa, duk an rage musu yaji an ƙara musu sukari don kada baƙo ya gudu. Alhali Tailan ba tukunya ɗaya ba ce. Mutanen arewa maso gabas, yankin da ake kira Isan, shinkafa mai danƙo suke ci da hannu, da gasasshen nama da kwaɗo mai zafin yaji. Mutanen arewa, wajen Chiang Mai, suna da "khao soi", taliya cikin romon kwakwa. Mutanen kudu kuwa miyarsu ta fi ta kowa yaji, ga kurkum da kifi. Sau da yawa mai girkin da ke bayan labule ɗan ɗaya daga cikin waɗannan yankuna ne, kuma abin da yake dafa wa iyalinsa bayan an rufe shago ya fi abin da yake sayarwa nesa ba kusa ba. Tsoron mai saye ne ya sa ya ɓoye shi.

Matsi na biyu shi ne na kuɗi. Jama'a a ƙasashen Turai da Amurka sun sa a ransu cewa abincin Asiya dole ne ya yi arha. Mutumin da zai biya kuɗi mai yawa a gidan abincin Faransawa ba tare da ƙorafi ba, shi ne zai ɗaure fuska in an ƙara 'yan kwabbai a kan miyar da aka yi awa guda ana dakan kayanta. Wannan arha kuwa wani ne ke biyanta, watau iyalin da ke tsaye tun hantsi har tsakar dare, galibi ba tare da albashin kirki ba. Daga 2020, da annobar korona ta rufe gidajen abinci, mutane suka saba da yin oda ta wayar hannu a kai musu gida. Kamfanonin da ke kai abincin sukan yanki la'ada da kan kai har kashi 30 cikin 100 na kuɗin. Babban kamfani mai rassa da yawa zai iya jure wannan, amma shago mai tebur 10 da kuɗin haya a wuyansa ba zai daɗe yana jurewa ba. Ban da haka, abincin da aka soya a wuta mai ƙarfi don a ci nan take ba ya zama daidai bayan ya yi rabin awa cikin roba a bayan babur.

Wani zai ce ai mai saye shi ne sarki, in zaƙi yake so a ba shi zaƙi, in a gida yake son ci a kai masa, kuma ma'auni guda yana kare sunan ƙasa daga masu ha'inci. Akwai gaskiya a cikin wannan. Tsabtar madafa da lafiyar abinci ba abin wasa ba ne, wajibi ne hukuma ta sa ido a kansu. Kazalika babu laifi mai girki ya sassauta wa wanda bai saba ba, domin abincin Tailan kansa da aro da sauyi ya ginu. Sai dai akwai bambanci tsakanin sauyin da mai girki ya zaɓa da wanda tsoron rasa ciniki ya tilasta masa. Na farkon yana ƙara wa abinci arziki. Na biyun yana kankare shi sannu a hankali har ya zama ba a bambanta shi da na kowa, ran nan kuwa babu dalilin da zai sa wani ya tako zuwa wannan shago musamman.

Ga Musulmin da zai shiga irin wannan gida, akwai abin lura. Yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, naman alade kuma yana da yawa a girkinsu, wani lokaci har a cikin romon da aka dafa wani abu daban da shi. Amma ƙasar tana da Musulmi miliyoyi, musamman a lardunan kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat, tana kuma da majalisar Musulunci da ke ba da shaidar halal, saboda haka tambayar ba baƙuwa ba ce a kunnensu. A nan ma ɗan gidan unguwa ya fi babban gida, domin wanda aka tambaya shi ne ya yi cefanen, shi ya san abin da ke cikin tukunyar.

Saboda haka nauyin ya koma kan mai saye. In ya sami irin wannan gida kusa da masaukinsa, ya tara abokai su je su zauna a ci a can. Ya tambayi mai gidan daga wane yanki ya fito, ya nemi a dafa masa abincin yankin, ya faɗi gwargwadon yajin da zai iya ɗauka. In lissafi ya zo, ya biya ba tare da neman ragi ba, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gwamnatin Tailan ta yi nata, ta yawaita shagunan. Ko za su ci gaba da dafa abincin da ya sa aka san su, wannan yana hannun mutanen da ke zama a teburansu.