Gizon Da Ba Ya Cikin Tatsuniya

Hausa ba ita ce harshen gidanmu ba. A unguwar Tudun Wada ta Gombe na tsince ta, kuma Gizo da Ƙoƙi suna cikin malamaina na farko. Amma 'yan'uwana ɗalibai, da na ce zan yi rubutu kan gizo, kowa ya ɗauka na tatsuniya nake nufi, mai wayo da kwaɗayi.

Akwai wani gizo da ba ya saƙa a lungun ɗaki. Rami yake haƙawa a ƙasa, ya lulluɓe cikinsa da zare, ya haɗa ƙasa da zare ya yi masa marfi mai buɗewa kamar ƙyaure. Da dare sai ya laɓe a ƙarƙashin marfin, ƙwaro na giftawa ya cafke shi. Ni na laƙaba masa "gizo mai marfi". Ana samun danginsa a Afirka da Ostareliya da Amurka.

A yammacin Ostareliya, masaniya Barbara York Main ta fara bibiyar wata ta mace a 1974, ta sa mata suna Lamba 16. Wannan gizo ta zauna a rami guda har 2016, ta mutu tana da shekara 43, bayan wani irin zanzaro ya huda marfinta. Ta girme ni nesa ba kusa ba!

Wannan zaman wuri guda shi ne rauninta. 'Ya'yan ba sa nisa da ramin uwa, don haka garma ko katafila guda tana iya shafe zuriya. Mu kuwa mun san yadda gine-gine suka cinye gonakin bayan gari tun da Gombe ta zama hedikwatar jiha a 1996, ga kwaruruka suna ta cin ƙasa.

Wani zai ce wannan aikin 'yan kimiyya ne. Ban yarda ba. Masanin da zai gargaɗi manomi, da wane suna zai kira halittar? A bakinmu 'yan birni, daga gizo-gizo sai tautau. Bargery ya tattara kalmomi daga bakin jama'a ya fitar da ƙamusunsa a 1934, mu kuma kullum kundin digirinmu yana kan adon harshe a waƙar wane.

Ina roƙon ko mutum biyu a ajinmu su ɗauki sunayen ƙananan halittun ƙasa a matsayin kundi. A je wajen manoma da mafarauta da masu haƙar rijiya, a tambaye su da Hausa, da Fulfulde, da Tera, da Tangale, a rubuta. Ni na fara da kakata a hutun nan.